Muhawara: Almakashin 1934, gyara ya yi wa Hollywood ko ɓarna?

Kawu Na Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da dare yaron wajena ya kunna mini wani tsohon fim ɗin Amurka na 1932, Red-Headed Woman. Na gyara zama don in ga kunyar mutanen da. Sai ga sakatariya ta kashe auren maigidanta da gangan, ta aure shi, ta ci amanarsa, ta ɗirka masa harsashi bai mutu ba, a ƙarshe aka nuno ta a Faransa cikin mota da wani tsoho mai kuɗi, direban motar kuma saurayinta ne. Ba ɗauri, ba nadama. Yaron ya ce wai a lokacin babu doka, sai a 1934 aka kawo ta. To ga matsayata: waɗanda suka zo da almakashi a 1934 sun yi wa Hollywood gata. Kafin su kowa abin da ya ga dama yake ɗauka, bayan zuwansu ne aka yi fina-finan da duniya ke tunawa da su har gobe. Mai ja ya fito.

Autan Zaure: Wa alaikumus salam Kawu. Tambaya ɗaya kafin manya su shigo: ka kalle shi har ƙarshe ko ka tashi?

Kawu Na Fagge: Har ƙarshe mana, ina jiran in ga abin da zai same ta. Ja'iri.

Malamin Tarihi: Allah ya ƙara girma Kawu. Batun "babu doka" zan fara taɓawa. Akwai doka, har ta yi yawa. Tun 1915 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar kamfanin Mutual da hukumar jihar Ohio, ta yanke cewa fim kasuwanci ne zalla, ba shi da kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki irin ta jarida. Ba a soke hukuncin nan ba sai 1952. Don haka jihohi irin su Pennsylvania, Ohio, Kansas, Maryland, New York da Virginia kowace da hukumar tacewarta, ga 'yan sandan Chicago da suke yankan nasu tun 1907. Lokacin da fim ba ya magana abin da sauƙi, a cire rubutun da ke tsakanin hotuna a maye da wani. Da magana ta shigo bayan The Jazz Singer na 1927, yanka ya koma asara. A fina-finan Warner na farko ma sautin a faifai yake daban, ka yanke hoto sai baki da murya su raba hanya. Shi ya sa a watan Maris na 1930 ƙungiyar manyan kamfanoni, wadda Will Hays ke shugabanta, ta karɓi kundin ƙa'idojin da Fada Daniel Lord da Martin Quigley mai mujallar harkar fim suka rubuta, dukansu 'yan Katolika. Kundin nan na 1930 shi ne dai aka yi aiki da shi a 1934.

Autan Zaure: To Allah gafarta Malam, idan da kundi tun 1930, yaya mutuniyar Kawu ta sha a 1932?

Malamin Tarihi: Kura aka ba ajiyar nama. Ofishin da ke duba labarai shawara kawai yake bayarwa. Idan aka yi taƙaddama, furodusoshi uku daga wasu kamfanonin ne za su zauna su yi hukunci. Yau ka wanke ni, gobe in wanke ka.

Maman Ikram: Malam, ka manta da yunwa. Kasuwar hannun jari ta rushe a Oktoban 1929, zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aikin yi. Gidajen silima suna rufewa, wasu har faranti da kofi suke rabawa don mata su zo kallo. A 1933 kamfanonin fim na Paramount da RKO duk sun durƙushe, sai da kotu ta naɗa masu kula da dukiyarsu. A shekarar ce Mae West ta yi wa Paramount fim biyu, She Done Him Wrong da I'm No Angel, kuɗi suka yi ta shigowa. Wanda bashi ya shaƙe, za ka ce masa ya ajiye abin da ke kawo ciniki don wata takarda da ya sa wa hannu shekara uku da suka wuce?

Kawu Na Fagge: Hajiya, ai kin taya ni ne ba ki sani ba. Kin ce da bakinki yunwa ce ta sa suke sayar da rashin kunya. To mai hana su laifin me ya yi? Kuma ba maganar mata kaɗai ba ce. Little Caesar da The Public Enemy duk a 1931, Scarface a 1932, 'yan daba masu fasa-ƙwaurin giya sun zama gwanaye, a zamanin Al Capone, shugaban 'yan daba na gaske a Chicago. A The Public Enemy James Cagney ya ɗauki rabin wani babban lemo ya murza wa budurwarsa a fuska ana karin kumallo. Yara suna zaune suna kallo, don lokacin ba a raba fim da shekaru. Ni uba ne, da ina can da ni za a yi zanga-zangar.

Malamin Tarihi: Nan kam kana da gaskiya Kawu, babu rabon shekaru sai 1968. Iyaye kuma sun tsorata, musamman da littafin Our Movie Made Children ya fito a 1933, wanda ya tattaro binciken Asusun Payne kan tasirin fim ga yara ya ƙara masa gishiri. Sai dai Scarface da ka ambata hujjata ce, ba taka ba. An riƙe shi watanni ana ja-in-ja da furodusansa Howard Hughes, aka liƙa masa ƙarin suna mai cewa abin kunyar ƙasa ne, aka ɗauki wani ƙarshen da aka rataye ɗan daban, ba ma tare da jarumin fim ɗin Paul Muni ba. Duk wannan a zamanin da ka ce ba doka. Kuma duka 'yan daban nan uku mutuwa suka yi a ƙarshen fim.

Maman Ikram: Yauwa, Malam ya kawo ni inda nake so. Ɗan daba namiji dama yana mutuwa tun kafin 1934. Wadda ba ta mutuwa ita ce mace, kuma ita ce ta tsone wa masu almakashi ido. Kawu ma da kansa ya ce ya zauna har ƙarshe yana jiran abin da zai same ta.

Ku ɗauki Baby Face na 1933. Barbara Stanwyck ta fito a matsayin yarinyar da ubanta ke da gidan giya a garin ma'aikatan ƙarfe, yana miƙa ta ga maza tun tana ƙarama. Uban ya mutu a gobara, ta tafi New York ta shiga wani banki, tana hawa daga wannan maigida zuwa wancan, kyamara kuma tana bin benen daga waje hawa-hawa. Hukumar tace ta New York ta ƙi fim ɗin. Me aka gyara? Akwai wani tsoho mai gyaran takalma da ke karanta mata maganganun Nietzsche, masanin falsafa ɗan Jamus, yana ce mata ta yi amfani da maza kada su yi amfani da ita. Aka sake ɗora masa murya ya koma mai wa'azin bin hanyar ƙwarai. Aka kuma ƙara ƙarshen da ke nuna ita da mijinta sun tsiyace sun koma garin ƙarfen da ta gudo. Uban da ya sayar da 'yarsa yana nan a fim, mazan bankin suna nan. Ita ce dai dole ta koma inda ta fito. Ainihin kwafin da ba a taɓa ba sai a 2004 aka gano shi a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, yanzu ana iya jera su biyu a gani.

Ban ce halinta abin koyi ne ba, Allah ya kiyaye. Amma fim ɗin farko tambaya yake yi: wa ya mayar da ita haka? Na biyun ya share tambayar ya bar hukunci.

Kawu Na Fagge: Hajiya, hukunci ai shi ne darasi. Tatsuniya ma da Gizo ya yi ha'inci sai ya sha kashi.

Autan Zaure: Kawu, sau nawa Gizo ya yi ha'inci ya sha, kura ce ta kwana a ciki?

Mai Majigi: Na daɗe ina karantawa ban tofa ba. Ni duk ɓangarorin biyu ban yarda da su ba. Masu yabon shekarun 1930 zuwa 1934 kamar wata aljannar 'yanci, ku kalli Tarzan and His Mate na 1934. An yi rigima sosai a kan wurin da matar Tarzan ke ninƙaya ba tufafi, har aka cire shi. A cikin fim ɗin nan dai Bature ya harbe ɗan dako baƙar fata don ya ƙi ci gaba da tafiya, abokinsa ya nuna masa ai da bulala ma ta isa. Wannan ba wanda ya ce a yanke. Tsiraicin Baturiya ya tayar da hankali, ran baƙin mutum ko a jikinsu. Shi kansa The Jazz Singer da aka buɗe zamanin da shi, Al Jolson fuska ya shafe da baƙi yana kwaikwayon baƙaƙe. Kundin kuwa ƙarara ya haramta nuna soyayya tsakanin fari da baƙi. Wace tarbiyya ce wannan?

Maman Ikram: Haka ne Yaya. Amma ko a nan akwai ɗan bambanci. A Baby Face babbar aminiyar yarinyar baƙar fata ce, Theresa Harris ta fito a matsayin, duk namijin da ya ce ta kore ta sai ta ƙi.

Mai Majigi: Aminiya, amma da suka samu kuɗi kayan 'yar aiki aka sa mata.

Autan Zaure: Ni abin ya tuna mini da namu na Kano da hukumar tace fina-finai.

Malamin Tarihi: Auta, kada mu haɗa su kai tsaye. Ta Kano hukumar gwamnatin jiha ce da aka kafa da doka a 2001. Ofishin Joseph Breen kuwa, wanda aka ba almakashin a 1934, na kamfanonin ne da kansu, su ke biyansa albashi, kuma sun kafa shi ne don kada gwamnatin tarayya ta kafa nata. Ga yadda ta kasance. Limaman Katolika suka kafa ƙungiyar yaƙi da fina-finan batsa mai suna Legion of Decency, miliyoyin mabiya suka yi alkawari a coci cewa ba za su kalli fim ɗin da aka la'anta ba. A 1934 Kadinal Dougherty, babban limamin Katolika na Philadelphia, ya hana mabiyansa shiga kowane gidan silima, ba wai wani fim ɗaya ba. Katolika kuwa sun fi yawa a manyan birane, inda ciniki yake. Ba a yi wata guda ba aka soke zaman furodusoshin nan uku. Daga 1 ga Yulin 1934 ba fim ɗin da zai fita sai da hatimin Breen, wanda ya saɓa tarar dala 25,000. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne manyan gidajen silima na Paramount, Loew's, Fox, Warner da RKO ne, kuma ba sa haska fim marar hatimi. Aljihun da ya buɗe ƙofar a 1930 shi ya rufe ta a 1934.

Kawu Na Fagge: Ko don kuɗi suka yi, sakamakon fa? Gone with the Wind a 1939, Casablanca a 1942. Da almakashi na kashe basira da ba a yi su ba. Takura ma tana koya wa mutum iya zance, abin da ba za ka faɗa ƙarara ba sai ka sakaya shi.

Maman Ikram: Sakayawa na yarda da ita Kawu, Hausa ma da habaici ta fi daɗi. Amma ka lissafa abin da aka yi, ba ka lissafa abin da aka daina yi ba. I Am a Fugitive from a Chain Gang na 1932 ba tsiraici a cikinsa. Tsohon soja ne aka ɗaure da sarƙa a aikin gwale-gwale kan laifin da aka tilasta masa, ya gudu, ya zama mutumin kirki, hukuma ta yaudare shi ya dawo da alkawarin afuwa, ta saɓa. A ƙarshe yana ɓuya cikin duhu, aka tambaye shi da me yake rayuwa, ya ce da sata. Labarin Robert Burns ne na gaske da jihar Georgia, kuma da aka kama shi a New Jersey bayan fitar fim ɗin gwamna ya ƙi miƙa shi. Kundin ya ce kada a jawo wa mai karya doka tausayi, kada a nuna kotunan ƙasa a matsayin azzalumai. Ka gaya mini yadda wannan ƙarshen zai wuce ta teburin Breen.

Kawu Na Fagge: Wannan ban gan shi ba. Amma ba na jin don a tsare fim ɗaya mai ma'ana sai a saki goma na shashanci.

Mai Majigi: Na shashancin ma ai ba a bar mu mu yi musu hukunci da idonmu ba. Breen ya bi tsofaffin fina-finai, duk wanda za a sake haskawa sai an yanke shi. King Kong ya rasa wasu wurare a fitowar 1938, Mata Hari na Greta Garbo shi ma an rage shi. Convention City na 1933 kuwa an hana sake fitar da shi, yau ko kwafi ɗaya ba a san inda yake ba.

Autan Zaure: Kawu, ina da Baby Face kala biyun nan a waya. In turo maka wanne?

Kawu Na Fagge: Turo wanda ba a yanke ba. Na yanken ai Hajiya ta riga ta ba ni ƙarshensa.