Ashe gaskiya ƙuri'a ce a wajen Peirce?

Ɗalibin Falsafa: Jama'a, a taimaka min. An ba mu maƙalar masanin falsafar nan ɗan Amurka, Charles Peirce, ta 1878, kuma tun jiya wuri ɗaya ya tsaya min a rai: wai gaskiya ita ce ra'ayin da duk masu bincike za su haɗu a kansa a ƙarshe. Na yi ta jan layi a ƙarƙashinsa da jan biro har takardar ta huje. To in kowa ya haɗu a kan ƙarya fa? Shi ke nan ta zama gaskiya?

Tsohon Malami: Ɗana, ka tsallake "a ƙarshe". Ba yardar mutanen yau yake nufi ba. Peirce ya yi wajen shekara talatin yana aiki da hukumar auna gaɓar tekun Amurka, yana auna ƙarfin jan ƙasa da ƙarfe mai lilo. A irin wannan aiki kowane mai awo da kuskurensa, na wannan ya ɗan zarce, na wancan ya ɗan gaza. Sai an jera awon mutane da yawa ake gane inda kowa ya kauce. Tun 1868 ya ce kada hujja ta zama sarƙa, wadda in zobe ɗaya ya ɓalle ta watse. Igiya yake so, mai zare barkatai, ko da kowane siriri ne. Masu ƙuri'a ɗaga hannu suke yi, su kuwa waɗannan duba aikin juna suke.

'Yar Aji Huɗu: Ka leƙa Josiah Royce ma, wani masanin falsafa ɗan Amurka. A 1913 ya ɗauki wannan tunani ya ce fassara aikin mutum uku ne: mai magana, mai fassara, da wanda ake fassara wa. Ko kai da takardarka jiya ku uku ne: Peirce, kai, da kai na gobe da zai karanta abin da ka rubuta a gefe.

Mai Gardama: Malam, a gafarce ni, amma wa ake bari ya shiga cikin masu binciken? Peirce kansa an sallame shi daga Jami'ar Johns Hopkins a 1884, ya mutu cikin talauci a 1914, galibin rubutunsa ba a buga ba.

Ɗalibin Falsafa: Na gode, Malam, misalin igiyar ya zauna min. Tambayar Mai Gardama kuwa ita zan kai aji ranar Litinin.