Veeam ya daina ɗaukar bakof a ESXi ɗinmu, shin matsalar lasisi ce?

dan_kurmi_IT

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawarar masana. A wata makaranta mai zaman kanta nake aiki, muna da saba guda ɗaya, mun ɗora mata ESXi 7, manhajar VMware da ke raba saba ɗaya ta zama kamar kwamfutoci da yawa, a ciki akwai irin waɗannan kwamfutocin, wato VM, guda huɗu, ɗaya na kuɗin makaranta, ɗaya na sakamakon jarabawa, sauran biyun na fayiloli ne da su firinta. Na sa Veeam Community Edition, manhajar ɗaukar bakof (kwafin ajiya) ta kyauta, a wata kwamfuta daban, da farko komai lafiya lau kullum da dare yana kwashe kwafi ya zuba a NAS ɗinmu na Synology, wato akwatin ajiyar fayiloli da ke kan netwok, to bayan wa'adin gwajin ESXi ya ƙare muka sa makullin kyauta ɗin nan na ESXi, tun daga ranar duk aikin da ya tashi sai ya faɗi, saƙon da yake nunawa wai lasisin da ke kai ya hana wannan aikin. Ita sabar tana aiki, VM ɗin duk suna tashi, bakof ɗin ne kawai ya tsaya. Kuma ni abin da ke ɗaga min hankali sakamakon yara ne, ga wutar nan da ake ɗaukewa ba sallama. Akwai saitin da zan taɓa ne ko dole sai an biya kuɗi?

InjiniyaSaba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Babu saitin da za ka taɓa, kuma Veeam ɗinka lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne, idan ka girka ESXi sabo yana ba ka kwana 60 na gwaji da duk ƙofofi a buɗe kamar ka sayi babban lasisi, shi ya sa bakof ya yi ta tafiya. Da ka sa makullin kyauta sai ya rufe hanyar da manhajojin bakof ke bi, wadda ake kira VADP. Ta nan ne Veeam ke ce wa ESXi ya ɗauki sinafshot, wato hoton yadda VM yake a wannan lokacin, ya karanta diskin VM, sannan ya goge sinafshot ɗin. A na kyauta API ɗin, wato ƙofar da wasu manhajoji ke magana da ESXi ta ciki, na karatu ne kawai, Veeam yana iya ganin jerin VM ɗinka amma ba zai iya ba da umarni ba. Kuma ba Veeam kaɗai ba, duk manhajar da ta dogara da VADP haka za ta yi.

Har da CBT ma ta nan ake cin moriyarsa, wato abin da ke riƙe lissafin wuraren da suka canza a diski tun bakof ɗin jiya, don kada a sake kwashe komai daga farko kowane dare.

Da can maganin mai sauƙi ne, a sayi lasisin vSphere Essentials na VMware, saba uku kowace da CPU biyu, ka biya sau ɗaya shi ke nan. Amma tun da Broadcom ta sayi VMware a Nuwamba 2023 aka daina sayar da lasisin dindindin, yanzu haya ce ake sabuntawa, kuma da core, wato ƙananan injinan da ke cikin CPU, ake ƙirgawa, mafi ƙaranci core 16 kan kowace CPU ko da taka ba ta kai haka ba. A Fabrairu 2024 ma sun janye na kyautar gaba ɗaya, sai a Afrilu 2025 ya dawo da ESXi 8.0 Update 3e, amma ka da ka ɗauka sabuntawa zuwa shi zai warware maka, ƙofar bakof ɗin a rufe take har yanzu.

Hajiya_Linux

Malam kafin a kai ga maganar kuɗi ni tambaya ɗaya gare ni, VM ɗin fayilolin nan, ina ainihin fayilolin suke? Don na ga ka ce kuna da NAS. Idan an buɗe iSCSI, wato hanyar jona diski ta netwok, daga cikin Windows ɗin VM ɗin aka jona shi da NAS kai tsaye, to ko a lokacin da bakof ɗin ke nuna kore wannan diskin bai taɓa shiga ba, saboda ESXi bai san da shi ba sam, shi abin da ya sani fayil ɗin VMDK ne, wato diskin VM, da ke kan datastore, ma'ajiyar ESXi. Haka RDM na physical, wato ainihin diski da aka miƙa wa VM kai tsaye, ba a yi masa sinafshot don haka tsallake shi ake yi, haka diskin da aka sa wa independent, haka hadis ɗin USB da aka miƙa wa VM kai tsaye. Wallahi wannan ya fi ba ni tsoro fiye da batun lasisi, don shi lasisi yana yi maka ihu ka sani, wannan kuwa aiki zai ƙare ya ce ya yi nasara alhali rabin kayan na waje.

Ka buɗe Edit settings na kowane VM ka ƙirga diskin da ke ciki, sai ka shiga Windows ɗin ka buɗe Disk Management ka ƙirga. Idan na ciki sun fi yawa to ka gano inda matsala take.

dan_kurmi_IT

Hajiya na duba yanzu, maganarki haka take. A saitin VM ɗin fayiloli diski ɗaya ne, amma a cikin Windows biyu ne, na biyun ta iSCSI yake zuwa daga NAS ɗin, kuma a nan takardun malamai suke gaba ɗaya. Yanzu ya zan yi da shi? Kuma Injiniya maganar haya gaskiya da wuya mai makaranta ya yarda, da dala ake lissafin.

InjiniyaSaba

To tunda VM huɗu ne kawai ba sai ka wahalar da kanka ba. Ka sa Veeam Agent a cikin kowane VM, ka ɗauke shi kamar kwamfuta ta gaske. Shi agent daga cikin Windows yake aiki ta VSS, tsarin sinafshot na Windows ɗin kansa, babu ruwansa da lasisin ESXi, kuma duk diskin da Windows ke gani shi ma yana gani, har da na iSCSI ɗin da Hajiya ta gano. Community Edition ɗin da kake da shi yana ɗaukar har guda 10 kyauta, ka ga kana da sarari. Abin da za ka rasa shi ne sauƙin dawo da VM sukutum da dannawa ɗaya, sai ka ƙirƙiri sabon VM ka tashe shi da ISO ɗin ceto, wato fayil ɗin tashin kwamfuta da Veeam ke haɗawa, sannan ka zubo kwafin, don haka ka haɗa ISO ɗin tun yau ka ajiye a filashi.

Akwai kuma ghettoVCB, tsohon sikirif ne na William Lam da ke gudana a kan ESXi ɗin kansa ta SSH, hanyar ba saba umarni daga nesa, yana aiki a na kyauta amma kullum kwafi cikakke yake yi, wuri zai cika da sauri. Idan Synology ɗinka cikin masu tsarin fayil na Btrfs ne duba manhajarsu ta Active Backup for Business ma, shi yana karɓar ESXi na kyauta in ka kunna SSH.

Hajiya_Linux

Ƙari ɗaya mai muhimmanci Malam, diskin iSCSI ɗin a kan NAS yake, bakof ɗin ma kan NAS ɗin kake zubawa, ka ga ƙwai ne duk a kwando ɗaya, ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone shi asali da kwafi tare za su tafi. Ka samo hadis na waje guda biyu kana musanyawa, ɗaya kullum yana wajen makarantar. Shi kuma na sakamakon jarabawa, ka sa ma'ajiyar bayanan ta riƙa fitar da nata kwafin da kanta kafin agent ya tashi, in MySQL ne mysqldump ya isa.

Idan an yi dogon hutu kuma ka yi tunanin Proxmox VE, wata manhaja da ke aiki irin na ESXi, bakof a jikinsa yake zuwa ba lasisin da ke rufe shi, tun 8.2 a 2024 suka sa hanyar jawo VM kai tsaye daga ESXi, Veeam ma ya fara tallafa masa daga 12.2. Sai dai ka sa direbobin VirtIO, waɗanda Windows ke buƙata a kan Proxmox, a Windows ɗin kafin ka ƙaura, kuma can ma iSCSI na cikin VM ba ya shiga bakof ɗin waje, wannan dokar ba ta canzawa.

dan_kurmi_IT

Allah ya saka da alheri Injiniya da Hajiya. Na sa agent a na jarabawa da na fayiloli, yanzu haka na fayilolin yana tafiya kuma diski biyun duk sun fito a jeri, na karkatar da shi zuwa hadis na waje. Gobe in sha Allahu zan gwada dawo da na jarabawar a sabon VM ba tare da na jona shi da netwok ba. Hajiya tambaya ta ƙarshe, in za mu koma Proxmox lokacin hutu, gara in mayar da diskin iSCSI ɗin ya zama diski na VM tun kafin ƙaura, ko in bari sai mun isa can?