Ɗan ƙanwar mai wuri ne ya addabi yarinyar da ke ƙarƙashina, ya zan yi?

Admin don Allah a sakaya sunana. Salamu alaikum 'yan gida. Ni manaja ce a wani sito na kayan masarufi nan Kumashi wajen Adum, shinkafa da mai da sukari muke saidawa a sari, mutum 14 ne a ƙarƙashina. Ran Alhamis mun rufe ina ƙirga kuɗi sai yarinyar da ke yanka mana rasit ta tsaya bakin ƙofa ta ƙi tafiya, na ce ke lafiya? sai kawai ta miƙo min wayarta hannunta na rawa. Wallahi abin da na gani a WhatsApp ɗin nan bakina ba zai iya maimaitawa ba. Mai kula da lodinmu ne, tun bayan ƙaramar sallah yake turo mata saƙo sha biyun dare, ya turo mata MoMo, wato kuɗi ta waya, sidi 200 wai na waakye ta mayar masa da kuɗinsa, sai ya koma tare ta a bayan sito in ta shiga ƙirga buhuna, sau biyu yana kai hannu jikinta. Da ta ƙi shine yanzu yake yawo da magana wai buhu 2 sun ɓata a hannunta.

Inda gizo ke saƙar, ɗan ƙanwar Alhaji mai wurin ne, a gidansa ya tashi. Ni kuma 'yar aiki ce kamar ita, yara uku nake biya wa makaranta. Yarinyar ta haɗa ni da Allah kar maganar ta kai gida don an sa ranar aurenta, kun san Zongo, magana in ta fito Aboabo da safe kafin azahar ta zaga Asawase. Tunanina in mayar da ita shagonmu na Kejetia shiru shiru. Me kuka gani?

Maman Khalil: Ayya 'yar uwa kar ki ɗauke ta. Ni aka taɓa yi wa haka a wani otal a Ankara, na kai ƙara aka mayar da ni wajen wanki wai don a kare ni, shi yana nan da kujerarsa, kowa ya ɗauka ni na yi laifi. Kuma wadda za ki kawo a madadinta fa? ita ma 'yar wani ce.

Baba Alhaji na Tafo: 'Yata rufin asiri ya fi. Ki samu limamin unguwarsu ko wani babba a dangi, a zaunar da su biyun a yi masa faɗa ya ba ta haƙuri, magana ta mutu. Kar ki jawo wa kanki rasa abinci.

Anti Rabi Nima: Baba ku gafarce ni, amma zaunar da yarinya gaban wanda ya taɓa ta da dattijai kewaye, ai bakinta ma ba zai buɗe ba, ƙarshe ita za a ce ta yafe. Ni aikin kula da ma'aikata nake shekara da shekaru, bari in faɗa miki yadda abin yake. Tunda ta gaya miki, kamfani ya sani kenan, ba ki da damar cewa ban ji ba. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003, wadda ake ce wa Act 651, a sashe na 175 ta fayyace abin: neman lalata ko matsa wa ma'aikaci da irin wannan buƙata ba da sonsa ba, daga mai wuri ne ko oga ko abokin aiki, mace aka yi wa ko namiji duk ɗaya. Sashe na 63 kuma shine wanda masu kuɗi ke jin tsoro, in ma'aikaciya ta yi ta kai ƙara ba a ɗau mataki ba har ta ajiye aikin, doka na ɗaukarsa kamar korar zalunci aka yi mata, tana iya zuwa hukumar ƙwadago ta ƙasa, National Labour Commission, a sa a mayar da ita ko a biya ta diyya.

To yau ɗin nan, ba gobe ba, ki zauna da ita ku rubuta komi, rana, lokaci, inda ya tare ta, wa ke kusa, ta sa hannu ki sa. Ta ɗauki hoton saƙonnin yadda lambarsa za ta fito ba sunan da ta sa masa ba, da saƙon MoMo na shiga da na mayarwa, ta ajiye a imel don irinsu da sun ji ƙishin ƙishin sai su goge. Ki gaya mata gaskiya ba za ki iya ɓoye wa Alhaji ba amma bayan shi babu mai ji. Shi kuma a ba shi takardar tuhuma ya amsa a rubuce, a ji ta bakinsa shi kaɗai, in kin tsallake wannan gobe shi zai ce an zalunce shi. Kafin a gama bincike shi ake matsarwa ba ita ba.

Taɓa jiki kuma ya wuce maganar ofis, laifi ne a dokar laifuka ta 1960, tana da damar zuwa DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi, ko CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, su ba a biyan ko sisi. Ki faɗa mata ƙofofin nan suna nan, amma ita za ta zaɓa, kar ki tura ta kar kuma ki hana ta.

Ɗan Sabon Zongo: To ita me ya sa take karanta saƙon nasa tun farko, ba sai ta yi bulokin ɗinsa ba

Maman Khalil: Kai Ɗan Sabon Zongo ka ji tsoron Allah, ta wannan lambar yake turo mata lissafin lodi kullum, ta toshe shi ta yi aiki da wa? Irin maganarka ce ke sa yara yin shiru.

Masta Awudu Magazin: Hajiya ni ban san doka ba, injin mota na sani, amma na san masu kuɗin garin nan. Kar ki tari Alhaji a shago gaban yara, zai kare jininsa ko don kunya. Ki same shi gida bayan la'asar. Kafin nan ki bi webil, takardar fitar da kaya, ta ranar da aka ce buhunan sun ɓata ki ga wa ya sa hannu mota ta fita, ni dai hancina na jiyo wani abu, mai saurin cewa an yi sata a duba aljihunsa. Alhaji zai iya cewa yarinta ce in maganar mace ce, amma buhun shinkafa ba ya yarinta.

Anti Rabi Nima: Masta dabararka ta yi, amma kar buhu ya danne maganar yarinyar, a kore shi don shinkafa a ce ita ba a yi mata komi ba. Takarda biyu daban daban.

Admin, daga mai tambaya: Na gode jama'a. Mun rubuta komi ran Asabar, shafi biyu da rabi. Masta na bi webil, ranar da ake magana yarinyar ma ba ta zo aiki ba, ta raka mamanta asibiti, sa hannunsa ne a jiki. Jiya na je gidan Alhaji, gabana na faɗuwa, na ba shi takardun biyu, ya sa tabarau ya karanta ta yarinyar har ƙarshe bai ce uffan ba, can ya ce ita tana lafiya? Ya karɓe makullin sito daga hannun yaron, ya ce kar ya taka Adum sai ya amsa a rubuce. Ita tana kan teburinta yau. Uwar yaron ta kira ni sau 4 tun safe ban ɗauka ba, ban san me zan ce mata ba. Anti Rabi don Allah ki turo min samfurin takardar tuhumar ta inbos, Alhaji ya ce ni zan rubuta kafin Laraba.