Neman shawara: hoton iyali a cikin birnin Kano tare da mahaifiya mai shekaru

Mai tambaya, wata 'yar'uwa mazauniyar Abuja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani aiki da 'yan gidanmu suka ɗora mini. A ƙarshen watan Disamba, idan Allah ya kai mu, dukanmu za mu hallara a Kano saboda bikin ƙanenmu, har da babban yayanmu da yake zaune a Ingila tare da iyalinsa, kuma mun ga ya dace mu ɗauki hoton iyali guda ɗaya da mahaifiyarmu a tsakiya, tunda rabon da mu taru gaba ɗaya an daɗe. Idan aka haɗa 'ya'ya da surukai da jikoki za mu kai mutum talatin. Ba ma son hoton ɗakin ɗaukar hoto mai labule a baya, mun fi son a yi shi a cikin gari, domin gidanmu na gado yana Yakasai, yawancin jikokin kuwa a wasu garuruwa aka haife su, ba su san cikin badala ba sai da labari. Matasanmu suna cewa Dutsen Dala, yayata tana cewa karofin Ƙofar Mata, wasu kuma Ƙofar Kudu ta fadar Sarki ko Gidan Makama. Mahaifiyarmu Hajiya ta haura shekara tamanin, da sanda take tafiya, kuma ba ta jure doguwar tsayuwa. Wane wuri ne ya fi dacewa, a wane lokaci, shin ana neman izini, kuma me ya kamata mu daidaita da mai hoto tun kafin ranar?

Wani mai ɗaukar hoto daga Fagge:

Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da zan fara faɗa shi ne ku zaɓi wuri ɗaya ku tsaya a kansa. Mutum talatin ba sa tashi daga nan su sauka can cikin sauƙi a cikin gari, domin kafin motoci su samu wurin tsayawa, a nemo yaron da ya ɓulle, a gyara ɗaurin wannan da hular wancan, hasken da kuka fito dominsa ya wuce, Hajiya babba kuma ta gaji, gajiyar kuwa a fuska take fara bayyana.

A ƙarshen Disamba rana tana fitowa a Kano wajen ƙarfe bakwai saura kwata, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe shida. Da a ce matasa ne kawai da na ce ku fito da sassafe, amma sanyin hunturu da safe ba ya yi wa tsofaffi da jarirai daɗi, za ku ga kowa ya takure, yara leɓe a bushe. Saboda haka ina ganin tsakanin ƙarfe takwas da rabi zuwa goma ya fi, ko kuma bayan sallar la'asar zuwa biyar da rabi. Ku guji tsakar rana ko ta halin ƙaƙa, saboda idan rana tana tsaka inuwar hula da ta goshi takan sauko ta rufe ido, kowa kuma yana ƙifce-ƙifce. Hazo ba abin tsoro ba ne a wannan aiki. Idan bai yi kauri sosai ba yana tausasa hasken rana, fuskoki su fito sumul ba inuwa mai tsanani. Illarsa biyu ce: sararin sama zai fito fari fat, sannan abin da yake nesa ba zai ganu ba. Wannan kaɗai ya isa ya rage wa Dala daraja a wancan watan, tunda amfanin hawanta shi ne a ga gari a baya.

Batun tufafi kuma, katangar ƙasa jajaja ce, tana karɓar shuɗi da kore mai duhu da ruwan zuma. Idan maza duka suka sa farar shadda mai sheƙi, kyamara za ta bi hasken rigunan, fuskoki su yi duhu, aikin da ke wuyan riga ma ya ɓace. Ba sai an yi anko iri ɗaya ba, ku tsayar da launi biyu ko uku kowa ya ɗinka nasa a ciki, Hajiya babba kaɗai ta sa abin da ya bambanta da na kowa.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta:

'Yata, Allah ya sanya alheri a wannan zumunci. Ku cire Dala daga lissafin hoton da za a yi da mahaifiyarku. Matakalar tana da tsawo, ba a kai tsohuwa mai sanda can, ɗaukarta a kujera kuma ba mutunci ba ne. Idan jikoki suna so su ga inda labarin Barbushe da Tsumburbura ya samo asali, samari su kai su wata rana dabam.

Ni Gidan Makama zan ba ku. Gini ne da ake danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Abin da ya sa ya dace da buƙatarku shi ne a killace yake, babu 'yan adaidaita sahu da masu talla suna ratsa bayanku, akwai fili a ciki, akwai katanga mai zankwaye da soraye masu ɗaurin guga, akwai kuma tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da yara za su gani da idonsu. Amma kada ku faɗo musu da mutum talatin da kyamara ba sanarwa. Wani namiji daga cikinku ya je tun da saura mako ɗaya ko biyu, ya ga jami'an wurin, ya faɗa musu yawanku da abin da za ku yi, ya ji abin da ake biya na shiga da na ɗaukar hoto, ya kuma tabbatar da lokacin buɗewa da rufewa a ranar da kuka zaɓa, tunda lokacin hutu ne. Idan hakan bai samu ba akwai Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Zanen jikin katangarsa yana da kyau ƙwarai, mota kuma tana isa har ƙofa, sai dai a wajen ganuwa yake, ku kuwa kun ce cikin gari kuke so.

Game da Ƙofar Kudu, fada ba wurin da ake jera kujeru a yi zaman hoto ba ce. Mutum biyu ko uku suna iya tsayawa daga nesa su ɗauka bayan sun yi wa dogarai sallama sun nemi izini, amma taro irin naku sai da magana tun da wuri. Kada kuma mai hotonku ya tashi jirgin nan maras matuƙi a kusa da fada. Ranar Juma'a ku bar wannan yanki gaba ɗaya, saboda cunkoson babban masallaci yana farawa tun kafin azahar. Ƙofofin gari kuma, mafi yawansu an sake gina su da siminti an faɗaɗa su saboda titi, suna tsakiyar zirga-zirgar motoci, don haka babu inda za ku tsayar da yara cikin kwanciyar hankali, ko da yake ganuwar kanta tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, a ƙarni na 12.

Wata 'yar'uwa mai sana'ar ɗinki:

Anti, yayarki tana da gaskiya cewa karofi yana da kyau a hoto, amma ba na mutum talatin ba. Ramukan a ƙasa suke, a jere kusa da juna, wasu cike da ruwan baba, wasu a rufe da murfi, tsakaninsu ɗan wurin taka ƙafa ne kawai. Ki kwatanta yara ƙanana cikin sababbin kaya suna guje-guje a nan, ga kuma baba idan ya taɓa farin yadi ba ya fita. Sannan wurin neman abincin mutane ne, a jikin ƙofarsa an rubuta 1498, marinan da ke ciki ba ado aka ajiye su ba. Duk wanda zai ɗauke su ya fara gaishe su ya tambaya, ya kuma sayi wani abu. Shawarata ita ce ku kai farin yadi tun yanzu a rina muku, a kai wa masu bugu su buge shi ya yi sheƙi, a yi wa mata ɗankwali ko mayafi da shi, Hajiya kuma a yi mata zane cikakke. Ku karɓo shi da wuri a ɗauraye a shanya, domin sabon rini yakan zuba a jiki, kada a wayi gari wuyan kowa ya yi shuɗi.

Wani ɗan'uwa mazaunin cikin gari:

Da izinin Malam, ni ban gamsu da Gidan Makama ba. Ba ina rage masa daraja ba ne, amma duk wanda ya biya kuɗin shiga zai samu irin wannan hoto. Mai tambaya ta ce suna da gida na gado a Yakasai. Me ya hana a ɗauka a ƙofar wannan gida, inda aka kawo mahaifiyarsu tana amarya, a kan dakalin da mahaifinsu ya zauna? Gidajen ƙasa a cikin gari kullum raguwa suke yi, wasu damina ta kayar, wasu magada su rushe su sa bulo, kuma babu wanda yake da tabbacin nasu zai kai shekara goma a yadda yake. Idan ana ganin katangar ta tsufa, a sa magini ya yi mata yaɓe kafin lokacin, tunda rani ne zai bushe da wuri, amma don Allah kada a shafa mata fenti. Wahalar kawai ita ce ƙuncin lungu da taron yaran unguwa, wannan kuwa maganinsa a sanar da mai unguwa da maƙwabta tun da kwana biyu, a roƙi samari biyu su tare bakin lungu na rabin awa.

Mai ɗaukar hoto ya sake cewa:

Maganar ɗan'uwa tana da ƙarfi, sai dai kafin a yanke hukunci mai hoton ya je ya ga gidan da idonsa a daidai lokacin da za a yi aikin. Domin a ɗauki mutum talatin a sahu uku ana buƙatar ya ja baya kamar taku goma zuwa goma sha biyu. Idan lungun bai kai haka ba dole ya yi amfani da gilashi mai buɗe hoto, shi kuwa yana kumbura waɗanda suke gefe, su fito da faɗin da ba nasu ba, kuma na san babu surukar da za ta yafe wannan. Ya kuma duba inda ƙofar take kallo: idan gabas take kallo, da safe rana za ta bugi idanunku, sai a bari zuwa la'asar lokacin da inuwar gidan ta rufe wurin. Cikin zaure duhu ne, bai dace da taro ba, amma idan aka zaunar da Hajiya ita kaɗai kusa da bakin ƙofa, haske yana shigowa ta gefe ɗaya, za a samu hoton da ya fi kowanne a ranar. A kuma duba tsakar gida, wani lokaci ta fi waje fili, mata ma sun fi sakewa a can.

Wata uwa daga Gwale:

Akwai abin da ban ji an taɓo ba. Ki tuntuɓi manyan gidan ɗaya bayan ɗaya tun yanzu, domin a kusan kowane gida akwai wanda ba ya son hoto saboda fahimtarsa ta addini, akwai kuma maigidan da ba zai so hoton matarsa ya fita ba. Wanda ya ce a'a a ƙyale shi ba tare da gori ba, gara a sani yau da a yi ta ja-in-ja a gaban yara ranar. Sannan ku yi yarjejeniya da mai hoto a rubuce, ko da ta saƙon waya ce: nawa ne kuɗin, nawa ne kafin alƙalami, hoto nawa zai gyara, yaushe zai kawo, kuma ba zai sa ko ɗaya a Instagram ko Facebook don tallar aikinsa ba sai da yardarku. Ku gaya masa kada ya yi wa fuskar Hajiya gyaran da zai share tamojinta ko ya ƙara wa kowa fari. A ƙarshe a wanke babba a sa a firam a kai mata ɗakinta, kowane gida kuma a ba shi nasa a takarda, saboda wanda yake cikin waya yakan tafi tare da wayar.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa yayanmu shawarwarinku, mun tsaya a kan ƙofar gida idan mai hoto ya ga filin ya isa, in bai isa ba sai tsakar gida, Gidan Makama kuma za a kai jikoki washegari tare da duk wanda yake da ƙarfin zuwa. Yadin ma za a kai karofi cikin makon nan. Abin da ya rage mini shi ne rana: a yi kafin ɗaurin aure ne ko bayansa?

Mai ɗaukar hoto:

Ku yi kafin, Hajiya, da kwana ɗaya ko biyu, muddin kowa ya iso. Bayan biki mutane a gajiye suke, wasu kuma tun da asubar washegari suke kama hanya. Idan ana son amarya ta shiga, a yi wani ƙarami bayan ta tare. Ranar kuma a jera kowa tukuna, a gwada hoton da kujerar tsakiya ba kowa, sai komai ya daidaita sannan a fito da Hajiya babba, don kada zamanta ya wuce minti goma.