Dole ne rana ta kasance a bayan mai ɗaukar hoton tsuntsu?

Malam Buba, Garwa: Assalamu alaikum. Ina nan kan bakana cewa duk wanda ya kafa reshe a tsakar gida domin tsuntsaye su sauka ya ɗauke su hoto, wajibi ne ya zauna ta gabas da reshen da safe, rana tana bayansa, inuwarsa tana miƙewa zuwa wajen tsuntsun. Ta haka kaɗai haske yake cika fuskarsa, ɗigon nan mai ƙyalli ya fito a ƙwayar ido, domin idon da ya rasa wannan ɗigo kamar na mushe yake fitowa. Lokacin kuwa kaɗan ne, tun da a ƙasarmu rana takan haura kusan digiri 15 na kusurwa a kowace awa, kafin ƙarfe takwas da rabi ta riga ta yi sama, inuwa ta taru a ƙarƙashin baki da ciki.

Hajiya Asma'u, Marwa: Wa alaikumus salam, Malam. Batun ɗigon ido gaskiya ne, amma ban yarda da cewa hanyar ɗaya ce ba. Hasken da ya bugi tsuntsu gaba da gaba yana shafe layukan gashinsa. A duba namijin ba'u, wanda jan jikinsa yake cika hoto har ya zama dunƙule guda idan rana ta haske shi kai tsaye, ƙananan fararen ɗigon da ke gefen ƙirjinsa su dushe. Ni nakan karkata reshen yadda rana za ta zo ta kan kafaɗata, daga gefe kaɗan, sai kowane gashi ya sami 'yar inuwarsa, jiki ya yi kauri, ɗigon idon kuma yana nan muddin tsuntsun ya juyo.

Idi, Ngaundere: Baba Malam, Hajiya, a gafarce ni in sa baki. A ganina abin da ya fi ɓata hotunanmu shi ne abin da ke bayan tsuntsun: katangar bulo, igiyar shanya, jarkar ruwa mai launin ɗorawa. Idan aka janye reshen mita huɗu ko biyar daga katanga, aka yi aiki da gilashin kamara mai jawo nesa (300mm), ƙofar haskensa a buɗe sosai (f/5.6), aka kuma zauna ƙasa daidai da idon tsuntsun, sai bayan ya narke ya zama launi ɗaya. A bar masa fili ta inda bakinsa ya fuskanta, kada a dasa shi a tsakiyar hoto. Kuma a inda duhun inuwar mangwaro yake baya, fuskantar rana ma yana da ranarsa: kurciya tana wanka a kasko, saurin ɗauka 1/2000 na daƙiƙa, kowane ɗigon ruwa da ta watsa yana kama haske.

Malam Buba: Ɗana, ruwan ka ɗauka ko kurciyar? Idan ka fuskanci rana, gefen tsuntsun da ke kallonka yana cikin inuwa. Ka ƙara haske, gefen fukafukai ya ƙone fari fat. Ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kamara, domin riƙe wannan saurin, hoto ya yi tsaki-tsaki. Wanda yake koyo ba zai iya da wannan ba.

Hajiya Asma'u: Akwai maganinsa, Malam, kuma ba ya cin ko sisi. A shimfiɗa farin zane ko wankakken buhun fulawa a ƙasa gaban reshen, zai mayar da haske zuwa ƙirji da ƙasan baki. Sai dai a bar shi a wurin kwana da kwanaki, domin tsuntsu ba ya aminta da sabon abu. Sannan dokarku ba ta yi la'akari da hunturu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya rufe Marwa, rana takan zama farin faifai da ido yake iya kallo, haske ya watsu ko'ina, inuwa ta yi laushi har zuwa hantsi, kusan babu bambanci ko gabas aka zauna ko kudu. Illarsa ita ce launi yakan koɗe, ƙura kuma ta shiga kamara idan aka sauya gilashi a waje.

Malam Buba: Na sallama a kan hazo, Hajiya, wannan hujja ce. Amma a sararin da ya washe bayan ruwan sama ban janye ba. A gwada da hasbiya, mai jan fata kewaye da ido da fararen ɗigo a fiffike: reshe ɗaya, safiya ɗaya, hoto ɗaya rana a baya, ɗaya daga gefe, a kawo mu gani ba tare da an gyara su a kwamfuta ba.

Idi: Na ɗauki wannan, Baba, amma hasbiya ta fi son kan kwano da katanga, da wuya ta sauka a siririn reshe. Za a karɓi kututture a madadinsa?