Sikirif ɗina na kashe sabobin AWS ya sa ni a gaba, a taimaka

Baƙon Jidda: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin jigilar masu Umra a nan Jidda. Asali lissafin motoci aka ɗauke ni, da mai kula da kwamfutocinmu ya koma ƙasarsu sai mudir, wato manajanmu, ya ce ai na iya, na riƙe. Ba a ƙara min ko riyal ba, ga igamata (takardar izinin zama) ta kusa ƙarewa, ga iyali a Kano suna jira. Don a rage kuɗin sabobinmu, wato kwamfutocin da muke haya a AWS na kamfanin Amazon, na rubuta sikirif na bash (jerin umarni ga kwamfuta), cron, mai gudanar da aiki a lokacin da aka saita masa, na kiran aws ec2 stop-instances ya kashe su ƙarfe 10 na dare, ya tayar da su 7 na safe. Yanzu ma'aikata na zuwa 8 su tarar komai a kashe, kuma kuɗin wata bai wani ragu ba. Lahadi mudir ke son bayani.

Injiniya Riyad: Wa alaikumus salam. Ƙanena, bash ba abin riƙe dukiyar kamfani ba ne. Koma Terraform, manhajar gina sabobi daga rubutaccen tsari. Magana ta ƙare.

Maman Ɗahiru: Malam, cron ɗin a kan wace na'ura yake? In saba ce ta EC2, wato ta hayar AWS, yawanci agogonta na kan UTC, agogon duniya, mu kuwa muna gaba da awa 3. Bakwai ɗinka ƙarfe 10 ce a nan, goma ɗinka kuma 1 na dare. Buga umarnin date ka ga agogon na'urar.

Baƙon Jidda: Hajiya, na gwada shi da hannu kafin na saka, lafiya lau ya yi. Sikirif ɗin ba shi da matsala.

Injiniya Riyad: Ka ji ko? Da hannu. Ni a wurinmu ba mai taɓa komai da hannu.

Maman Ɗahiru: Injiniya, Terraform gina kaya yake yi, ba ya tashi da kansa ƙarfe 7 ya kunna saba. Batun kuɗi kuma, ko ka kashe saba ana cajin faifan ajiya na EBS da ke jikinta, da snapshot (kwafin faifan), kuma tun Fabrairun 2024 kowane adireshin intanet na IPv4 na waje ana biya masa. Duba faifanku da umarnin describe-volumes a kowane yankin AWS, yanki-yanki, don umarnin yanki ɗaya kawai yake nunawa. Mai yiwuwa wanda ka gada ya bar kaya a Bahrain ko Frankfurt.

Na Madina: Ku dai bari. Ni haka aka ɗora min aikin mutum uku, da na yi magana kafili, wanda nake zaune da sunansa, ya ce ƙofa a buɗe take. Wata biyu kenan ba albashi. Allah ya isa.

Injiniya Riyad: Ka goge duk faifan da ba a haɗe yake ba, yau.

Maman Ɗahiru: Kada ka goge komai ba ka san abin da ke ciki ba, ana shirin Umrar azumi!

Baƙon Jidda: Na gode, amma ba ni da lokacin koyon sabon abu kafin Lahadi. Ina ganin zan mayar da tashin ƙarfe 4 kawai. To wanne zan faɗa wa mudir?