Wai wasan hoki na kan ƙanƙara, sana'a ce da gaske?

Ɗan Garwa: Salam 'yan uwa. Jiya a wurin mai shayi ƙanena ya nuna min bidiyo a waya, mutane na gudu kan ƙanƙara da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, da sanda suna bin wani ɗan baƙin faifai, mu ko zafi na gasa mu. Akwai baƙar fata da ya ci abinci da wannan wasan?

Baban Hadiza, Marwa: Wa'alaikumussalam. Sosai ma ƙanena. Nemi Jarome Iginla, babansa ɗan Najeriya ne amma a Edmonton ta Kanada aka haife shi, 1977. Ƙungiyar Dallas ce ta zaɓe shi a 1995, bai buga mata ko wasa ɗaya ba ta miƙa shi Calgary, can ya zama kyaftin, ya zura faifan a raga sau 625 gaba ɗaya a NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ga zinariyar Olamfik biyu da Kanada, 2002 da 2010. Abin da ke min ciwo wallahi kofin Stanley, na zakarun NHL, bai taɓa ɗagawa ba, a 2004 Calgary sun kai wasa na bakwai na ƙarshe Tampa Bay ta ɗauke.

Ɗan Garwa: Kai, abin tausayi. Sau nawa suke buga wasa?

Hajiya Injamena: Da yawa ɗana, wasa fiye da 80 a kaka ɗaya kafin zagayen kofi, ga bangaje da jikin katanga, haƙora ma zubewa suke. Willie O'Ree ne ya buɗe wa baƙaƙe ƙofar NHL a 1958 da ƙungiyar Boston, kuma idonsa ɗaya ba ya gani, ya ɓoye.